Yadda Cokali Mai Yatsu Ya Shigo Ƙasar Auduga

Auduga ce ta kawo shi. A ƙarshen shekarun 1920 aka ja layin dogo daga Zariya, ya ratsa Funtuwa, ya wuce Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Masaƙun Ingila suna neman auduga ruwa a jallo, kuma kamfanin BCGA da aka kafa a Manchester a 1902 ya gano cewa ƙasar kudancin Katsina, mai ƙarfi da wadatar damina, tana karɓar irin audugar Amurka da ake kira Allen. Sai aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, kamfanonin ciniki irin su John Holt da UAC suka biyo sawu da sikeli da kanti. Har gobe akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da sunan wancan kamfanin auduga.

Duk inda Bature ya sauka kuwa, da kayan teburinsa yake sauka. Ko rangadi Di'o zai fita zuwa Bakori ko Ƙanƙara, cikin kayan da 'yan dako suke ɗauke da su a ka akwai teburi mai naɗewa, da kujera, da fitila, da akwatin faranti da wuƙaƙe da cokula. Da yamma a kafa masa teburin a gaban masauki, ya zauna yana cin abincinsa. Ga mutumin Maska ko Ƙafur na wancan zamani, komai na wannan zama baƙo ne. Babban mutum yana ci a fili, alhali sarki da hakimi a ɓoye suke cin nasu. Yana ci shi kaɗai, bai ce wa kowa bisimilla ba. Yatsunsa ba su taɓa abincin ba. Sannan abin da ya fi tsaya wa mutane a rai, da hagu yake kai loma baka.

Mutanen wannan yanki suna da tasu ƙa'idar ci, mai tsauri ma kuwa. A gidan manomi ana tuƙa tuwon dawa da muciya, a kwashe da mara, a malmala a akushi, a zuba miyar kuka ko ta kuɓewa, a rufe da faifai. Mata su ci nasu a cikin gida, yara su kewaye ƙwaryarsu tsara-tsara. Magidanta kuma bayan magariba su fito zaure ko ƙofar gida, kowa yaro ya biyo shi da akushin gidansa, a jera a tsakiyar tabarma. Wannan ita ce ciyayya. A kawo ruwa a wanke hannu, babba ya fara sa hannu da bisimilla, sannan saura su bi. Kowa gabansa yake ci. Ba a tsallaka hannu zuwa gaban wani, ba a yin loma kan loma, ba a kallon bakin mutum, ba a yarfa hannu cikin akushi. Yaro ba ya kai hannu ga tsokar nama sai an miƙa masa. Dattijo yakan tsame hannu tun bai ƙoshi sosai ba, da gangan, don na ƙasa su samu. Wanda ya zo wucewa a ce masa bisimilla, kuma idan ya tsuguna ba wanda zai ɓata fuska.

Ita kanta lomar aikin gwaninta ce. A gutsuro tuwo da bakin yatsu, a ɗan mulmula, a dangwalo miya daidai yadda za ta hau, a kai baka ba tare da ta gangaro tafin hannu ba, balle ta ɗiga a riga. Yaro yakan daɗe kafin ya iya. Kayan aiki ma akwai su: ludayin duma na fura da koko da kunu, koshiya ta itace, tsinke na tsirar ɗanwake. Wuƙa kuwa a hannun mahauci da mai girki take gama aikinta, nama ya iso gaban mai ci an riga an yayyanka shi.

Galibin waɗannan ladubba a rubuce suke, ana kuma karanta su a makarantun zaure. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Annabi (SAW) ya koya wa yaro Umar ɗan Abu Salama, wanda hannunsa ke yawo cikin akushi, ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. An ruwaito yana ci da yatsu uku, yana lashe su bayan ya gama. An kuma hana ci da sha a kwanon zinariya da azurfa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da duk ɗalibin fiƙihu a ƙasar Hausa ya sani, tana da babi guda kan ci da sha. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware wa ladubban ci littafi sukutum cikin Ihya'u. Da waɗannan malamai suke rubutu, cokali mai yatsu bai shiga gidajen Ingila ba, kuma sai bayan ɗaruruwan shekaru zai shiga.

Wannan shi ne abin da ba a cika faɗa mana ba. Turawan da, da hannu suke ci. A fadojin Ingila da Faransa na ƙarni na 13 da na 14, bara yakan zagayo da buta da tasa a wanke hannu kafin ci da bayansa. Mutum biyu sukan haɗa kwano ɗaya. Busasshen burodi ake yankawa ya zama faranti, kuma kowane baƙo da wuƙarsa yake zuwa a kugu, ya yanki nama ya tsire shi da tsininta. A ƙarni na 11 wani babban malamin coci, Peter Damian, ya yi rubutu yana sukar wata gimbiya da aka auro daga Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, zuwa gidan sarautar birnin Benis, don tana kai abinci baka da ɗan ƙarfen zinariya mai yatsu biyu. A ganinsa girman kai ne mutum ya ƙyamaci taɓa abincin da Allah ya ba shi. A 1530 Erasmus, malamin ƙasar Holan, ya rubuta littafin tarbiyyar yara, kuma abin da ya koyar shi ne ɗaukar abinci da yatsu uku. Wanda ya tashi a Malumfashi ya karanta wannan littafi zai ga abubuwa da dama da kakarsa ta riga ta gaya masa.

Italiya ce ta fara riƙon cokali mai yatsu da gaske, kuma taliya na cikin dalilan, don zare mai santsi da zafi ba ya kamuwa da yatsa cikin sauƙi. Wani matafiyi ɗan Ingila, Thomas Coryat, ya gani a can ya ba da labari a littafinsa na 1611, ya kuma koma gida yana ci da shi, abokansa suka mai da shi abin tsokana. Sarki Luwis na 14 na Faransa, wanda fadarsa ce madubin sarakunan Turai har ya mutu a 1715, da yatsunsa da wuƙa ya ci abinci. A zamaninsa ne dai aka daina kawo wuƙa mai tsini kan teburi, aka koma mai dakusasshen baki, saboda gudun faɗa da zubar da jini a wurin ci. Da wuƙa ta rasa tsini, aka rasa abin tsire nama, sai cokali mai yatsu ya samu gurbi. Dama tana riƙe da wuƙa don ita ce mai ƙarfin yanka, shi kuma ya faɗa hannun hagu don danne nama. Asalin cin hagun ke nan. Babu wata hikima a bayansa da ta wuce cewa su a kan faranti suke yanka namansu.

Dokokin da ake koya wa mutane yau, yawancinsu 'ya'yan ƙarni na 19 ne. Kafin lokacin, ana jibge dukkan abinci kan teburi a lokaci ɗaya, kowa ya ɗebi abin da ke kusa da shi. Sai aka koma salon Rasha, wanda ake danganta shigarsa Paris da jakadan Rasha Alexander Kurakin wajen 1810: ana kawo abinci kashi-kashi, romo tukuna, sannan kifi, sannan nama, sannan kayan zaƙi, kowane kashi da nasa faranti da nasa ƙarfe. Malamin Azhar Rifa'a Ɗahɗawi, wanda ya raka ɗaliban Masar zuwa Faransa a 1826, ya rubuta wa mutanensa yadda ya ga ana ajiye wa kowa farantinsa da kofinsa da wuƙarsa da cokulansa, ba mai taɓa na wani. A 1840 kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar dabarar shafa wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki, sai kayan da da sai masu sarauta suka shiga gidan ɗan kasuwa da akawu. Da talaka ya fara kamo su, masu hali suka ƙara yawan kayan, aka ƙirƙiro wuƙar kifi daban, cokalin kayan zaƙi daban, don a gane wanda ya tashi a ciki da wanda ya shigo jiya. Littattafan koyar da zaman gida, irin na Isabella Beeton na 1861, suka yi kasuwa wajen masu tsoron jin kunya. A ganina wannan ita ce gaskiyar da ya kamata ɗanmu ya sani kafin a zaunar da shi gaban jerin ƙarafa: rabin dokokin don sauƙin ci aka yi su, rabi kuma don tantance aji. Sai a 1913 Harry Brearley ya haɗa ƙarfen da ba ya tsatsa a Sheffield, wanda shi ne ya sa cokali ya yi arha har ya kai kasuwar ƙauye.

Ke nan da Turawan auduga suka iso Funtuwa, tsarin da suka zo da shi bai fi shekara ɗari da kammala ba.

Waɗanda suka fara ƙwarewa a kansa a wannan yanki ba hakimai ba ne, ba kuma 'yan boko ba. Kuku ne da boyi. Wasu daga kudu suka biyo iyayen gidansu, wasu 'yan ƙasa ne da suka shiga aikin bariki. Boyi yakan shimfiɗa farin ƙyalle, ya sa faranti a tsakiya. Cokula masu yatsu a hagu, wuƙaƙe a dama kaifinsu na duban faranti, cokalin romo a can gefen dama. Ƙaramin farantin burodi a hagu, kofunan gilashi a dama ta sama, cokalin kayan zaƙi a kwance a saman faranti. An jera su ne yadda mai ci zai fara da na waje ya riƙa shigowa ciki, kashi bayan kashi. Boyi ya san ta hagun baƙo ake miƙa masa abinci. Ya san idan maigida ya ajiye wuƙa da cokali a ware, hutawa yake yi, kada a taɓa farantin. Idan ya haɗa su wuri ɗaya a miƙe, ya gama, a ɗauke. Ya san romo ana ɗibarsa ne ana tura cokali gaba, ba a zuƙarsa da ƙara, wuƙa ba ta zuwa baki, burodi kuma da hannu ake gutsurarsa. Duk wannan ya haddace shi ba tare da littafi ba, sau da yawa cikin tsawa. Idan ya gama wanke-wanke ya koma ɗakinsa na bayan gida, ya wanke hannu ya ci tuwonsa. Tarihin mulkin mallaka cike yake da sunayen Razdan da Di'o, amma waɗannan bayin Allah da suka riƙe gidajensu ba a cika tunawa da su ba, alhali daga hannunsu ne sana'ar girkin otal da jera teburi ta yaɗu a Arewa.

Ƙofa ta biyu ita ce fada. Katsina ta shiga hannun Turawa a 1903, kuma Sarki Muhammadu Dikko, da ya hau a 1906, mutum ne mai son gani da ido. Ya je Ingila a 1921, ya gana da Sarki George na 5, ya koma a 1924, ya sake komawa a shekarun 1930. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman su ma suka je. Hakiman kudu, Galadima a Malumfashi, Sarkin Maska a Funtuwa, Makama a Bakori, su ke karɓar manyan baƙin gwamnati idan sun zo, don haka dole a samu teburi da kujeru da kayan shayi a ajiye saboda ranar baƙi. Kayan baƙi ne, ana fito da su a mayar.

Makarantar boko ta farko ma ba ta matsa a kan wannan ba. Tun daga makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano a 1909 har Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, manufar Turawa a Arewa ita ce ɗalibi ya zauna cikin rigarsa da al'adarsa, don ba sa son a maimaita irin 'yan bokon Ikko masu kwat da jayayya. Siyasa ce ta sauya lissafi. Da aka kafa majalisa a Kaduna a ƙarshen shekarun 1940, aka shiga tarurrukan tsarin mulki a Landan a 1953 da 1957 da 1958, tsofaffin ɗaliban Katsina irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka zama masu zama teburi ɗaya da gwamnoni da ministocin Ingila. Daga nan iya riƙon wuƙa da cokali ya shiga kayan aikin babban ma'aikaci. Bayan samun 'yanci a 1960 makarantun kwana suka yawaita, har da na 'yan mata a Malumfashi da Bakori, kuma cikin takardar kayan da ake ba sabon ɗalibi akwai faranti da kofi da cokali, kowa nasa. A darasin tattalin gida ake zana wa yara jerin teburi a allo. Ɗan manomin da bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba ya tsinci kansa a layi da farantinsa a hannu.

Maganar hagu ita ce inda aka yi karo na gaske, kuma mutanenmu sun warware ta ba tare da hayaniya ba. Malamai ba su hana cokali ba, don kayan aiki ne kamar ludayi, kuma ya tabbata a Buhari cewa Annabi (SAW) ya yanki nama da wuƙa. Abin da ba a sassauta ba shi ne kai abinci baka da dama. Sai wasu suka juya tsarin, wuƙa a hagu, cokali mai yatsu a dama. Wasu kuma su yanka abin da za su ci da dama, su ajiye wuƙar a bakin faranti, su mayar da cokalin dama su ci. Wannan na biyun shi ne daidai yadda Amurkawa suke yi a teburinsu, har a fadar shugaban ƙasa, kuma ba wanda ya ce musu ba su waye ba. Saboda haka ina jin takaici idan na ga saurayi a wurin liyafa yana fama da hagunsa cikin jin kunya, yana tsammanin dokar duniya ce. Turawan kansu ba su haɗu a kan hannu ɗaya ba.

Talaka kuwa ta kanti abin ya iso masa, kuma ya zaɓi abin da ya dace da tukunyarsa. Kuɗin auduga da na gyaɗa suka sayo kwanon sha da langa da fanteka, aka fara shigo da su daga waje, daga baya masana'antun Kano suka riƙa ƙera su, suka hau jeren amarya suka ture ƙwarya. Cokalin ƙarfe ya shiga kowane gida ba gardama, don ya yi daidai da fate da dambu da shinkafa da wake. Wuƙar teburi ba ta samu shiga ba har yau, saboda babu abin da za ta yanka. Tuwo kuma ya tsaya a hannu. Shi mai yatsun ya daɗe yana kwance a kabad ɗin ma'aikata, sai da taliya ta zo, ta 'yar murji da ta leda, sannan Indomie ta mamaye gari daga shekarun 1990. A teburin mai shayi, a tasha ko bakin kasuwar Funtuwa, za ka ga ɗan acaɓa da ɗan dako suna naɗe zaren Indomie da cokali mai yatsu a hannun dama, ba wanda ya koya musu. Abin da ya shigar da shi gidajen Italiya shi ne ya shigar da shi hannunsu.

Sauyin da ya fi taɓa zaman mutane bai zo ta cokali ba, ta faranti ya zo. Yana da amfaninsa, ban musa ba. Yaro mai sanyin hannu yana samun rabonsa, kuma a lokacin annobar amai da gudawa raba kwano da zuba ruwan wanke hannu daga buta ya fi kowa ya tsoma hannu a tasa ɗaya. Amma akushin ciyayya yana yin wani aiki da faranti ba ya yi. Magidancin da gidansa ba a ɗora tukunya ba yakan fito ya zauna cikin 'yan'uwansa ya ci, ba wanda zai nuna ya lura, asirinsa a rufe. Wanda matarsa ta yi gaya saboda rashin kayan miya ya ci miyar maƙwabci. Idan aka ga wane bai fito ba kwana biyu, a aika a duba lafiya. Yaro kuma a nan yake koyon haƙuri da kawaici, don idon manya na kan hannunsa. A ƙauyukan Ɗanja da Ƙafur da Bakori har yanzu ana samun wannan zama, haka ma ranar gayya a gona idan aka kawo abinci a manyan kwanoni. A cikin gari ya ja baya, kuma a yankunan Faskari da Sabuwa da Ɗandume rashin tsaro na shekarun nan ya sa zaman ƙofar gida da dare ya zama abin tsoro.

Bikin aure a ɗakunan taro na Funtuwa da Malumfashi ya nuna inda aka kwana. A gaba akwai teburin manyan baƙi, da farin ƙyalle da faranti da wuƙa da cokali mai yatsu naɗe cikin takarda, kusan yadda boyin Bature yake jerawa. Sauran jama'a kuma a bi su kujera-kujera da dafa-duka a roba, da yankan kaza, da cokalin roba a ƙulle cikin leda. Da yawa ba sa ma buɗewa a wurin, su tafi da ita gida. Tun a madafi ake ƙidaya robobin gwargwadon waɗanda aka gayyata, don haka wanda ya makara, ko ya zo ba a san da zuwansa ba, sai dai a ba shi haƙuri.